Ruwan Haɗeja Yana Yin Sallama: Shawarwari Ga Gidajen Bakin Kogi

Da safiyar 26 ga Disamba, 2004, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin teku, yamma da tsibirin Sumatra na Indunusiya. A wurare da dama teku ya fara ja da baya, har mutane suka bi suna tsintar kifi a kan yashi, sannan ya dawo a tsaye kamar katanga. Wannan igiyar ruwa, wadda duniya ke kira tsunami, ta ci rayuka kusan 230,000 a ƙasashe 14. Mutanen birnin Banda Aceh ko rabin awa ba su samu ba tsakanin girgizar da isowar ruwan. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Somaliya. Sai da igiyar ta yi tafiyar wajen awa bakwai a kan teku kafin ta taɓa gaɓar Afirka, duk da haka ta kashe mutum kusan 300 a garuruwan masunta irin su Hafun. Awa bakwai cur, rabin duniya ta ji, su labari bai kai musu ba.

Mu a ƙasar Haɗeja ba mu da teku. Girgizar ƙasa ma a Najeriya ba ta wuce irin ɗan motsin da ya firgita mutanen Kwoi a 2016 da na Mpape, gefen Abuja, a 2018 ba. Namu abin tsoron kogi ne, kuma shi ne dai arzikinmu: shi ke ba mu shinkafa da alkama da kifin da ake lodi a kasuwar Haɗeja, shi ne kuma ya shiga ɗakunan mutane a 2001, da 2010, da 2012, da 2018, da 2020. A daminar 2022, da ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a faɗin Najeriya, fiye da 100 daga cikinsu 'yan Jigawa ne.

Sai dai ruwanmu yana da ladabi guda: kwanaki yake yi a hanya, yana tafe yana sallama gari-gari. Ke nan halinmu irin na mutanen Somaliya ne. Lokaci akwai shi. Ko dai labarin ya maƙale a hanya, ko ya iso ya tarar da gidan da bai san abin da zai yi da shi ba.

1. Ka san ta inda ruwanka ke zuwa

Kogin Haɗeja ba a Haɗeja aka haife shi ba. Kogin Kano ne da Kogin Challawa ke haɗuwa kafin Wudil su zama ɗaya, ya gangaro ta ƙasar Ringim da Taura, ya ratsa Miga da Auyo, ya iso mu, ya bazu a dausayin Guri da Kirikasamma har Nguru da Gashuwa, daga can ya nufi Tafkin Chadi. A samansa akwai manyan madatsu biyu: Tiga, da aka gama a 1974, da Challawa ta ƙasar Ƙaraye, da aka gama a 1992, duka a hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. A 2010 gwamnatin Jigawa ta ce buɗe su ne ya jawo ambaliya, hukumar ta musanta. Wannan gardamar manya ce. Ruwan da ya shigo ɗakinka ba ya zuwa da takardar ko sakinsa aka yi ko tumbatsa ya yi.

Abin da ya shafe ka shi ne, rana na iya ƙwallewa a Haɗeja, sama tas babu ko alamar hadari, alhali ruwan da zai ci gonarka ya riga ya wuce ƙarƙashin gadar Wudil. Don haka nemi mutum biyu a sama da kai, ɗaya a Wudil, ɗaya a Ringim ko Miga, ko suruki ne, ko abokin ciniki, ko direban da ke bin hanyar, ka ajiye lambarsu. Daga tsakiyar Yuli har ƙarshen Satumba ka riƙa kira. Kada ka ce masa "yaya ruwa?", don amsar a bakinsa take: ruwa ya yi gyara. Tambaye shi ya kai ina a jikin gada yau, jiya kuma ina yake.

Mai cewa "ruwa bai taɓa zuwa unguwarmu ba" kuwa, ya tuna kachala da yashi sun toshe tsofaffin hanyoyin kogi. Ruwan da aka hana shi hanyar kakanninsa, sabuwa yake nema.

2. Kunne ɗaya ba ya isa

Kowace shekara, tun kafin zafi ya kankama, hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina. Bayanta hukumar NIHSA mai lura da koguna takan fitar da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa, kuma da wuya ka duba ka rasa na bakin Kogin Haɗeja. Yawan jin haka ne ya sa kunnen mutane ya mutu. A gaskiya ma, gargaɗin da ya ce ƙaramar hukumarku na cikin haɗari tun watan Afrilu bai gaya maka daren da za ka kwashe yara ba. Ka ɗauke shi a matsayin kiran sallar farko: ba tada iƙama ba ne, amma mai hankali ya tashi ya nemi buta.

Waya kuma ba abin dogaro ba ce ita kaɗai. A garin Palu na Indunusiya, a watan Satumban 2018, ƙasa ta girgiza, hukuma ta fitar da gargaɗin tsunami, amma girgizar ta riga ta katse wuta da sabis, saƙo bai shiga wayoyin mutane da yawa ba, na'urorin da aka dasa a teku kuwa sun yi shekaru da lalacewa. Sama da mutum 4,000 suka rasu. Bangaladash, wadda guguwar 1970 ta kashe mata mutum 300,000 ko fiye, ba da na'ura kaɗai ta rage mace-macenta ba. Dubban 'yan sa-kai ne ke bi ƙauye-ƙauye da lasifikar hannu. Mu muna da tamu tun tale-tale: mai shela, ganga, da lasifikar masallaci. Ku je wurin mai unguwa da liman ku tsayar da magana ɗaya: wa zai yi shela, da wace kalma, batirin lasifika kuma wa ke kula da shi in an ɗauke wuta. A gida a ajiye rediyo mai batir, a riƙa bin tashoshin Dutse da na Haɗeja. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce.

Saƙon WhatsApp na "Tiga ta fashe, ku tura wa kowa" fa, kafin ka tura kira mutuminka na Wudil. Ƙaryar yau ita ke sa a ƙi jin gaskiyar gobe.

3. Ku kafa sanda, ku yanke shawara tun ƙafa na bushe

Babu mai iya tunanin kirki da ƙarfe biyun dare, ruwa na kwarara ta ƙarƙashin ƙofa, yara na kuka. A yi tunanin tun da rana. Ku kafa sanda mai ƙwari a bakin ruwan da ya fi kusa da ku, ko ku zaɓi gindin bishiya ko jikin kwalbati, ku yi zane uku da fenti. Ruwa ya taɓa zanen ƙasa, a kwashe hatsi da dabbobi. Ya taɓa na tsakiya, tsofaffi da masu ciki da marasa lafiya da ƙananan yara su tafi. Ya taɓa na sama, kowa ya fita, har kai mai taurin kai. A sa wani saurayi ya riƙa dubawa bayan asuba da bayan la'asar. Ba tsawon ruwan kaɗai ake kallo ba, har da saurinsa: wanda ya ƙaru da yatsa biyu jiya, yau ya ƙaru da taƙi guda, ya fi wanda ke sama amma yana tsaye cik ban tsoro.

Ranar 11 ga Maris, 2011, da ƙasa ta girgiza a Japan, gargaɗin tsunami na farko ya fita cikin minti uku. Abin a yaba ne. Amma ya ce igiyar mita 3 za ta kai a wasu gaɓoɓin, sai ga ta ta haura mita 10. Wasu da suka ji "mita 3" suka dogara da katangar da aka gina a bakin teku, suka yi zamansu. Sama da mutum 18,000 suka mutu ko suka ɓata. In ƙasar da ta fi kowa na'ura ta yi kuskuren awo, kai kada ka jira wani ofishi ya auna maka tsakar gidanka.

Na sha jin ana cewa in kwana ya ƙare ko a kan tudu ma tafiya za a yi. Haka ne. Amma mai wannan maganar na lura kwaɗo biyu yake sa wa shagonsa da daddare.

4. Ku tambayi tsofaffi, ku rubuta a bango

Tsibirin Simeulue na daf da inda girgizar 2004 ta taso, mutanensa wajen 78,000 ne, amma bakwai kacal igiyar ta kashe. Ba su da na'ura. Abin da suke da shi kalma ce, "smong", wadda iyaye suka riƙa sakawa a labari da waƙar reno tun bayan igiyar 1907: in ƙasa ta girgiza, teku ya ja baya, a ruga tudu. A ƙauyen Aneyoshi na Japan kuma dutse magabata suka kafa a gefen tsauni, suka hana jikoki gini a ƙasa da shi. Ruwan 2011 bai kai dutsen ba.

Kakarka ta san inda ruwa ya tsaya shekarar da aka yi mata aure. Sarkin ruwa da tsofaffin masunta sun san kwarin da yake fara cika da tudun da bai taɓa nutsewa ba. Ku zauna da su tun suna raye. Inda ruwan 2020 da na 2022 suka kai, a zana a jikin masallaci ko makaranta, a rubuta shekarar. Mai neman fuloti ma ya je ya duba wannan zanen kafin ya biya, don fuloti a watan Maris ake sayar da shi, a watan Satumba ake saninsa.

5. Kowa ya san inda za shi, kuma a ba mata izini tun yanzu

"Za mu tafi tudu" ba shiri ba ne. Wane tudun? Gidan wa? Ta wace hanya, in kuma ruwa ya yanke ta sai ta ina? Je ka sami ɗan'uwan da za ku sauka wurinsa tun cikin bazara ka gaya masa, kada ya gan ku da tabarmi a ka da tsakar dare. Ku bi hanyar da ƙafa sau ɗaya, har da yara. Sannan a raba nauyi da suna: wane zai ɗauki Baba, wance za ta goya jariri, wane zai kwance awaki. Makaho ko gurgu ko gwauruwar da ke maƙwabtaka, su ma a sa musu mutum. Malamin allo ya san almajiransa nawa ne, ya kuma san inda zai kai su.

A garin Kamaishi na Japan, ɗaliban firamare da ƙaramar sakandare kusan 3,000 sun tsira a 2011, domin an yi shekaru ana koya musu cewa kowa ya nufi tudu, kada ya koma neman wani. Iyaye ma an gaya musu su yarda cewa yaran sun gudu. Mutane da yawa a wasu garuruwan wajen komawa neman juna suka halaka.

Ga wadda ta fi damuna. Na san gidan da matan suka hau kan gado da yara a kafaɗa, ruwa ya kusa gwiwa a tsakar ɗaki, suna jiran maigida ya dawo daga jinga, don bai ce su fita ba. Ɗan maƙwabci ne ya zo da tocila ya yi ta roƙon uwargida, "Inna, don Allah ku fito," kafin suka sauko. Malam, wannan nauyi a wuyanka yake. Tara su yau ka faɗa da bakinka: in ruwa ya kai wuri kaza, ko ina nan ko ba na nan, ku ɗebi yara ku tafi gidan wane, na yarda. Ke ma uwargida, in bai faɗa ba, tambaye shi.

6. Jaka ɗaya a rataye

Takardun gida da na gona, katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, takardun makaranta, katin rigakafin yara, a naɗe su a leda biyu. A haɗa da maganin mai hawan jini ko ciwon suga, tocila, ashana, gidan sauro, ɗan kuɗi a hannu, garin kwaki ko ƙuli-ƙuli, da lambobin waya a rubuce a takarda. A rataye kusa da ƙofa, sama da kan yaro. Ba a fafe gora ranar tafiya.

7. Hatsi da dabbobi su riga ku fita

Yawancin masu ƙin tashi ba ɗakin suke gadi ba, rumbu suke gadi da turke. In ka raba dukiyarka tun da wuri, ƙafarka za ta yi sauƙin ɗagawa. Kai wani kaso na hatsi gidan ɗan'uwa a tudu tun farkon Agusta. Wanda ya rage a ɗora a kan dakali ko katako, kada buhu ya taɓa daɓe. Irin shuka a zuba a jarka mai murfi, a toshe. Taki da maganin feshi a ɗaga su sama, nesa da abinci da rijiya, don in ruwa ya narkar da su guba ce a tsakar gida. Shanu da tumaki su tafi da rana, lokacin da hanya ke nan. In har ruwa ya riske ku da su, kwance musu igiya. Dabbar da ke ɗaure ba ta da dabara.

8. Ginin ƙasa ba ya son jiƙon ƙafa

Da yawa daga cikin waɗanda muke binnewa da damina ba ruwa ne ya tafi da su ba, ɗaki ne ya rufta musu suna barci. Katangar ƙasa ta gindi take mutuwa. Wata damina na kwana a gidan kawuna ana marka kwana uku. Da safe ya kama hannuna ya ɗora a jikin bangon ɗakinsa: daga ƙasa zuwa gwiwa ya yi duhu, sanyi ƙalau, da na danna yatsa sai ya shige kamar tuwon da bai huce ba. Sama kuwa fes, har da hoton kalanda a manne. A ranar ya sa aka fitar da gadaje aka kafa rumfar zana a tsakar gida. Kwana biyu bayan haka, wajen sallar isha, bangon ya zauna. Ba ƙara mai yawa, wani irin nishi kawai da ƙura.

Ku riƙa duba alamu: danshi yana hawa bango, sabuwar tsaga musamman a kusurwa, ƙofar da ta fara cijewa, ƙasa na zubowa daga azara, soro ya yi ciki. In ka ga biyu daga ciki, kada kowa ya kwana a ɗakin. Sauro da sanyi sun fi kabari. Kafin damina a yi yaɓe, a gyara indararo, a tara ƙasa a gindin katanga ta yadda ruwa zai gangara waje, a yashe kwata. Mai halin yin sabon gini, ko jeri huɗu ne na bulo da siminti ya sa a tushe kafin ya ɗora tubali. Kada kuma a shimfiɗa wa yara a jikin katangar waje don shan iska.

9. Jinga

Duk wanda ya taɓa kwana a bakin jinga ya san abin da Haɗeja ke nufi da gayya: samari a jere cikin laka har ƙugu, buhu na bin hannu-hannu, tocila a baki, wani na cika yashi da kwanon awo don shebur bai isa ba, mata na aiko da kunu a bokiti. Wannan aiki ya ceci unguwanni. Amma a fara shi tun rani ya fi. Ku riƙa tara buhunan taki da na siminti, kowane gida ya kawo nasa. Kada a cika buhu taf. Wanda ya ɗan haura rabi ya fi kwanciya, a jera su kamar bulo, a tattake.

A sa masu gadi da dare. In ruwa na tsattsafowa ta bayan jinga yana da tsabta, a sa masa ido. In ya fara fitowa da laka, cin ta yake yi ta ciki, a yi shela nan take. Ruwan da ba ya sallama shi ne na abin da ya ɓalle: haka madatsar Bagauda ta yi a 1988, haka ta Alau ta yi wa Maiduguri a watan Satumban 2024. Gidan da ke bayan jinga ya fi kowa bukatar zanen nan uku, ba wai ya fi kowa tsira ba. Sai kuma wata mummunar ɗabi'a, ta fasa jingar wasu cikin dare don ruwa ya sauka a kansu. Irin wannan a kai ta gaban dagaci da hakimi tun kafin a zub da jini.

10. Fito da ƙetare ruwa

Duk daminar da ruwa ya yanke hanyoyi sai an ji kwale-kwale ya kife, kuma kusan labarin ɗaya ne: lodi ya yi yawa, ga buhuna, ga babur, ga mata da goyo, ga magariba ta yi. In ka ga bakin jirgi ya kusa shan ruwa, sauka ka jira sahu na gaba, ko da za a yi maka dariya. Kada a yi fito da dare ko hadari na haɗowa. In akwai rigar ruwa a saka; in babu, jarka mai murfi da babu komai a ciki ta fi hannu banza. Mace ta kwance goyo ta riƙe a gaba.

Ruwa mai gudu da ya haura idon sawu kaɗan, wajen santimita 15, yana iya kayar da ƙato. Wanda ya kai gwiwa yana iya jan mota. Titin da ka sani jiya, yau mai yiwuwa babu kwalbatin a ƙarƙashi. Yara kuwa ambaliya biki ce a wurinsu, ga wanka ga kamun kifi. A tsare su, musamman daga kududdufan da aka haƙi ƙasar gini.

11. Bayan ruwa, sai ruwan sha

Ambaliya ba ta bambanta masai da rijiya, haɗa su take yi. Shi ya sa amai da gudawa ke biyo sawunta. A 2021 ma Jigawa na cikin jihohin da kwalara ta fi yi wa ɓarna. Duk rijiyar da ruwa ya hau kanta, a ɗauka ta gurɓata sai an kwashe ta an sa mata magani. Ruwan sha a tace da ƙyalle mai tsabta, a tafasa har ya yi minti guda yana ɓararraka, ko a sa ƙwayar kulorin yadda ma'aikatan lafiya suka nuna. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe cuta. A wanke hannu da sabulu ko toka, a kuma keɓe wurin bahaya nesa da inda ake ɗibar ruwa, ko da a sansani ne.

In gudawa ta kama wani, kada a jira gari ya waye. A lita ɗaya ta tafasasshen ruwa a zuba sukari cokalin shayi shida a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ana kan hanyar asibiti. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Gudawa mai kama da ruwan shinkafa tana iya kashe babba cikin yini guda. Gidan sauro kuma a ɗaura shi ko a ajin makaranta aka sauka, don bayan makonni kaɗan zazzaɓi zai shigo da nasa kason.

12. Kada a yi gaggawar komawa

Bangon da ya sha ruwa yakan faɗi ne ma lokacin da ya fara bushewa. Babba ɗaya ya fara shiga, da rana, da takalmi da doguwar sanda. Ruwan da ya kore ku ya kori macizai da kunamu, su ma tudu suka nema: cikin rumbu, ƙarƙashin katifa, bakin tukunya, tsakanin buhuna. A taɓa komai da sanda kafin hannu. In maciji ya sari wani, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana shi motsa wurin, a ɗauke shi zuwa asibiti. Wayar lantarki da ta faɗo, ko soket da ya jiƙa, kada a taɓa sai mai gyara ya duba. Abincin da ruwan ambaliya ya shiga a zubar, komai zafin asara. Masai da ya cika ko ya rufta a rufe shi da ƙasa kafin yaro ya faɗa.

13. Lissafin asara da neman tashi

Kafin ka fara kwashe laka, ɗauki hoton ɗaki da gona da waya, ka rubuta abin da ya salwanta: buhu nawa, dabba nawa, ɗaki nawa. Kai sunanka wurin mai unguwa, don ta nan jerin yake bi ya kai ƙaramar hukuma da hukumar agajin gaggawa ta jiha da ta tarayya, NEMA. Ku nemi a karanta jerin a bainar jama'a. Na taɓa tsayawa a layin rabon tallafi na ga wanda gidansa ke kan tudu, ko tabarmarsa ba ta jiƙe ba, ya wuce da buhu biyu, wata tsohuwa da ɗakinta ya zama fili ta koma da mudu uku a bakin zane. Inda aka karanta suna da ƙarfi kowa na ji, irin wannan na raguwa.

Kada dai ka kwanta jiran tallafi. Ƙasar da ruwa ya janye daga kanta tana da danshi da sabuwar laka, kakanninmu sun san wannan tun kafin a gina Tiga: wake, kankana, kabewa, sannan alkama da shinkafar rani ga mai injin ban-ruwa. Nan ne jarkar irin nan za ta yi rana. Kada a kai dabbobi kasuwa gaba ɗaya a makon farko, lokacin da kowa ke sayarwa farashi ya faɗi warwas. Yara su koma makaranta da wuri. Wanda ka ga yana firgita da dare, ko ya koma fitsarin kwance, ko yana kuka da ya ji iskar hadari, ba iskanci ba ne, abin da ya gani ne. A ja shi a jiki. In kuma za a sake gini a wurin da ruwa ya ci sau biyu, a duba zanen bangon masallaci tukuna.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi alkawari a 2022 cewa nan da ƙarshen 2027 gargaɗin bala'i zai riƙa isa ga kowane ɗan Adam. Allah ya sa. Kafin nan dai, maigida, yau bayan isha tara iyalinka a tsakar gida, ka faɗa musu gidan da za su da wanda zai ɗauki Baba, gobe da safe kuma ka sayo fenti ka je ka kafa sandar nan tun watan Agusta bai kama ba.